Kaoyan, CET-6, IELTS, TOEFL ko GRE: wace jarrabawar Turanci ta dace da ɗalibin ƙasar Sin mai neman digiri na biyu?

Duk ɗalibin da ya baro Najeriya ko Gana ya zo karatu ƙasar Sin, ba ya daɗewa kafin abokan karatunsa Sinawa su gane cewa yana jin Turanci, daga nan kuma sai tambayoyi su fara zuwa. Tawa ta zo ne daga wata ɗaliba 'yar shekara ta uku da ke taya mu aiki a ɗakin gwaje-gwaje, wadda take kirana shixiong, wato yaya, kamar yadda suke kiran duk namijin da ya riga su shiga hannun malami ɗaya. Ta ajiye littattafai biyu a kan teburina, ɗaya na tsofaffin tambayoyin kaoyan, jarrabawar shiga digiri na biyu a Sin, ɗaya kuma na kalmomin GRE, ta masu neman digiri na gaba a Amurka, ta ce: "Yaya, da wanne zan fara? Babana yana so in zauna a gida, ni kuma hankalina yana waje, kuma lokacin ba zai ishe ni in yi duka biyun ba."

Amsar da na ba ta a ranar ba ta da wani amfani, domin na ɗauka cewa Turanci ai Turanci ne, wanda ya iya shi zai ci kowace jarrabawa. Sai da na zauna na duba takardun ɗaya bayan ɗaya na gane cewa kowace da abin da take aunawa, kuma ɗalibin da ya shafe wata shida yana shirin wata na iya shiga ɗakin wata ya fito hannu rabbana. Ɗaliban ƙasashen waje ba sa zama kaoyan, ta wata hanya dabam jami'o'in Sin ke ɗaukar su, amma IELTS da TOEFL da GRE su ne dai waɗanda ake rubutawa a Abuja da Legas da Akara, saboda haka rabin wannan kwatanci ya shafi namu kai tsaye.

Ma'aunan da aka ɗora kwatancin a kansu

Na farko shi ne ƙofar da jarrabawar take buɗewa. Ɗalibin Sin yana da hanyoyi uku zuwa digiri na biyu: ya zauna jarrabawar shiga ta ƙasa baki ɗaya da ake kira kaoyan, ko jami'arsa ta tsayar da shi a ɗauke shi ba tare da ita ba, abin da suke kira baoyan, ko kuma ya nemi gurbi a ƙasar waje. Kowace hanya da takardar da take nema, kuma da wuya sakamakon wata ya tsaya a madadin wata.

Na biyu shi ne irin sanin kalmomi da irin karatun da ake nema, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Akwai yawan kalmomin da mutum ya sani, akwai zurfin sanin kowace kalma da ma'anoninta na biyu da na uku, akwai kuma saurin da zai iya ratsa dogon rubutu ya tsinto abin da aka tambaye shi. Waɗannan abubuwa uku ba tare suke girma ba. Sauran ma'aunan su ne kuɗin rajista da na shiri, da tsawon lokacin da sakamako ke aiki, da sauƙin samun ranar zama, sai kuma asarar da za a tafka idan abu ya lalace.

Turancin kaoyan

Sau ɗaya ake yin kaoyan a shekara, a wata Asabar da Lahadi wajen ƙarshen Disamba, bayan an yi rajista a watan Oktoba. Takardar Turanci tana zuwa ne ranar Asabar daga ƙarfe 2 zuwa 5 na yamma, tana ɗauke da maki 100 cikin 500 da yawancin fannoni ke da su, sauran kuma siyasa ce mai maki 100 da darussan fanni biyu masu maki 150 kowanne. Mutum miliyan 4.74 ne suka yi rajista domin shigar 2023, sai adadin ya sauko zuwa miliyan 4.38 a 2024 da miliyan 3.88 a 2025, amma har yanzu waɗanda ake sallama hannu wofi sun fi waɗanda ake ɗauka yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa ɗalibai ke kiran cin ta shang'an, wato fita daga ruwa zuwa gaɓa, abin da Bahaushe zai ce kaiwa tudun mun tsira.

Takardar iri biyu ce. Turanci na Ɗaya shi ne na masu digirin bincike, Turanci na Biyu kuma, wanda aka ɓullo da shi a 2010, na yawancin digirin sana'a ne kamar gudanar da kasuwanci da lissafin kuɗi. Ba ɗalibi ne ke zaɓa ba, jami'a ce ke faɗin wanda take so a kundin fannonin da take fitarwa kowace kaka, kuma akwai digirin sana'a, irin su shari'a da likitanci, da ke neman na Ɗaya. Wanda bai duba wannan kundi ba kafin ya sayi littattafai yana iya shafe bazara yana sharar gonar da ba tasa ba.

A duka biyun akwai cike gurbi 20 mai maki 10, sai babban ɓangaren karatu mai matani huɗu da tambayoyi 20, kowace tambaya maki 2, sai wani ƙaramin ɓangare mai maki 10 inda ake mayar da sakin layi muhallinsa ko a haɗa shi da kanun da ya dace. Bambancin yana wajen fassara da rubutu. A na Ɗaya ana ja wa jimloli biyar layi a cikin wani matani mai tauri a ce a mayar da su Sinanci a kan maki 10, sannan babban insha'in mai maki 20 yakan zo da zane a ce a yi sharhi a kansa cikin kalmomi 160 zuwa 200. A na Biyu gajeren matani ne na kalmomi kimanin 150 ake fassarawa gaba ɗaya a kan maki 15, insha'in kuma yakan zama bayanin jadawalin alƙaluma. Babu sauraro, babu magana. Waɗannan sai a zagaye na biyu da ake kira fushi, wanda kowace jami'a ke shirya nata a watan Maris ko Afrilu.

Manhajar ta ƙayyade kalmomi kimanin 5,500, adadin da mai karatun jaridun Turanci zai raina. Ni ma na raina shi, har ranar da na zauna da matani biyu na Turanci na Ɗaya na faɗi tambayoyi biyu cikin goma, alhali babu kalma ko ɗaya a cikinsu da ban sani ba. Ana tsamo matanin ne daga jaridu da mujallun Birtaniya da Amurka irin su The Economist da The Guardian, huɗun duka kalmomi kimanin 1,600 ne, kuma akwai lokaci isasshe na karanta kowanne sau biyu. Wahalar tana wurare uku. Akwai abin da ɗalibai ke kira changnanju, doguwar jimla mai wuya, wadda za ta ci layi huɗu ko biyar kafin a kai ga aikatau ɗinta. Akwai sananniyar kalma mai baƙuwar ma'ana: yaron da ya haddace cewa weather yanayi ne zai tsaya cak idan ya ga an ce kamfani ya yi weather ɗin wata masifa, wato ya jure ta har ta wuce, haka kuma novel da ya sani a matsayin littafin labari zai zo masa da ma'anar sabon abu. Sai kuma zaɓin amsoshi huɗu waɗanda sau da yawa biyu daga cikinsu gaskiya ne a zahiri, amma ɗaya kawai marubucin matanin ya faɗa.

Na ga yadda ɗalibar nan take fama da su. Takan kwafe jimla ɗaya a saman shafi, ta ja wa aikatau layi da jan biro, ta kewaye kowane wakilin suna ta ja kibiya zuwa sunan da yake wakilta, ta rarraba sauran da shuɗi, sannan ta fassara ta guntu-guntu a ƙasa. Jimla biyar takan ci mata awa guda. A watan Nuwamba kuwa, tun kafin a buɗe laburare da asuba za ka tarar da matakalar benen cike da masu irin wannan aiki, kowa a kan 'yar kujerarsa ta naɗewa, da gorar ruwan zafi a gefe, yana ta maimaita kalmomi a bayyane, abin da ya tuna mini da tilawar asuba a makarantar allo.

Ta fuskar kuɗi babu mai arhar kaoyan in ban da CET, jarrabawar Turanci ta ƙasa da ɗaliban jami'a ke yi: rajista tsakanin yuan 100 ne zuwa 200 gwargwadon lardi. Tsadarta tana wajen lokaci. Sakamakon na shekarar da aka yi shi ne kawai, ba a ajiye shi, ba a kai shi ko'ina a wajen ƙasar. Haɗarinta mafi girma kuma shi ne layin darasi guda. Ma'aikatar Ilimi tana fitar da mafi ƙarancin maki na jimilla da kuma na kowane darasi, kuma wanda Turancinsa ya gaza layin da maki ɗaya ya fita, ko da ya cinye lissafi da darasin fanninsa. A 2024 layin yankin A, wanda ya ƙunshi yawancin lardunan ƙasar, ya kasance maki 37 ga masu injiniya, 55 ga masu adabi. Yankin B, mai larduna da yankuna goma irin su Yunnan da Gansu da Xinjiang, yana samun ragin maki 3, yayin da manyan jami'o'i 34 ke ja wa kansu layi wanda yawanci ya fi na ƙasa tsawo. Wanda ya faɗi sai ya jira baɗi, abin da suke kira erzhan, yaƙi na biyu, kuma sau da yawa hakan na nufin hayar ɗaki kusa da jami'a da shekara guda babu albashi. Masu tallar amsoshi a ɓoye kuma su sani cewa tun gyaran dokar laifuka na 2015 shirya satar amsa a jarrabawar ƙasa laifi ne mai kai mutum gidan yari.

CET-6

Wannan ba jarrabawar shiga digiri na biyu ba ce, amma barin ta a waje zai zama kuskure. An fara CET-4 a 1987, CET-6 kuma a 1989, ana yin su a watannin Yuni da Disamba, ana ba da maki cikin 710, kuma sai wanda ya sami 425 a ta huɗu ake bari ya yi rajistar ta shida. Cikin minti 130 akwai rubutu da fassara daga Sinanci zuwa Turanci, kowanne kashi 15 cikin 100, sai sauraro da karatu kowanne kashi 35. Kalmominta ba su yi nisa da na kaoyan ba, sai dai ita sauri take nema: minti 40 kacal aka ware wa cike gurbi goma daga kalmomi 15, da wani dogon matani da ake tsintar bayani a cikinsa, da wasu matani biyu na karatun natsuwa.

Kuɗinta 'yan yuan gomomi ne, kuma takardar sakamakon ba ta da ranar mutuwa a hukumance. Ga mai neman baoyan ita ce takardar Turancin da aka fi tambaya, manyan jami'o'i kuma sukan so maki da ya haura 425 sosai. Malaman da ke tantancewa a fushi suna duba ta, masu ɗaukar aiki a cikin ƙasa ma haka. A waje kuwa kusan babu mai karɓar ta, in ban da wasu kwasa-kwasai a wasu jami'o'in Hong Kong. Tarkonta ɗaya ne: ɗalibi mai ci ne kawai ke iya zama, saboda haka wanda ya kammala digirin farko bai yi ta ba ya rasa damar, sai in ya sake shiga wata jami'ar.

IELTS da TOEFL

Waɗannan biyun kishiyoyin juna ne a kasuwa ɗaya, kuma a yau yawancin jami'o'in Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostireliya suna karɓar kowace. Dukansu suna auna sauraro da karatu da rubutu da magana, dukansu sakamakonsu shekara biyu yake aiki, dukansu kuɗinsu a Sin yana wajen yuan 2,000, kusan dala 280 ke nan, ninki goma ko fiye na kuɗin kaoyan, kuma dukansu ana samun ranar zama kusan kowane mako a manyan birane. Babu wadda take da jerin kalmomi na hukuma a cikinsu.

IELTS, wadda British Council da IDP da Cambridge ke gudanarwa tun 1989, tana ba da maki daga 0 zuwa 9. Ɓangaren karatunta na masu neman jami'a matani uku ne da suka kai kalmomi 2,150 zuwa 2,750, da tambayoyi 40, cikin minti 60. Idan aka ajiye wannan kusa da kaoyan sai a ga bambancin: rubutun ya fi yawa, tambayoyin sun ninka, lokacin kuma bai ƙaru ba. Ɗalibin da ya saba da jan biro da kibiya zai tarar an ce a ajiye alƙalami yana tsakiyar matani na biyu. Abin da IELTS ke so daga kalmomi shi ne gane ma'ana ɗaya cikin tufafi biyu, domin tambayar ba ta maimaita kalmar da ke cikin matanin, takwararta take kawowa. Tana kuma da irin tambayar nan da ke wahalar da kowa, wadda za a ce a faɗi ko magana gaskiya ce, ko ƙarya ce, ko kuma matanin bai ce komai a kanta ba. Amsa daidai kimanin 23 kan ba da maki 6, kimanin 30 kuma maki 7, kuma kuskuren harafi ɗaya a amsar da aka rubuta yana kashe ta. Yawancin kwasa-kwasan digiri na biyu suna neman 6.5 a jimilla ba tare da wani ɓangare ya gaza 6 ba, na shari'a da aikin jarida sukan kai 7. Wannan sharaɗin ne ke cinye kuɗin ɗaliban Sin, domin karatunsu yakan yi kyau, magana da rubutu su ja su ƙasa, sai a koma a sake biya.

TOEFL ta hukumar ETS ce da ke jihar New Jersey ta Amurka. An fara ta a 1964, ta shigo Sin a 1981. Komai nata a kwamfuta ne, har maganar ma cikin makirufo ake yi, abin da ke yi wa mai jin kunya daɗi, saɓanin IELTS inda ake fuskantar ɗan Adam. Matsalarta ga mai shiri ita ce yawan sauya kama. A watan Yulin 2023 an gajarta ta zuwa ƙasa da awa biyu, karatu ya koma matani biyu da tambayoyi 20 cikin minti 35, sannan a watan Janairun 2026 aka sake mata fasali: tambayoyin karatu da sauraro suna ƙara wuya ko sauƙi gwargwadon ƙoƙarin mai amsawa, an shigo da ƙarasa kalmomin da aka yanke musu haruffa da karanta gajerun rubuce-rubucen yau da kullum, maki kuma ya koma daga 1 zuwa 6, tare da nuna kwatankwacinsa a tsohon ma'auni na 120 na wani lokaci. Littafin shiri da aka gada daga wani yaya da ya tafi shekara uku da suka wuce zai taimaka wajen kalmomin kimiyya da tarihi, amma tsarin da yake koyarwa ya riga ya shuɗe. Mai son yin ta daga gida kuma ya fara tambaya, domin ba kowace jami'a ke karɓar wadda aka yi a gida ba.

Akwai kuma PTE ta kamfanin Pearson, mai maki 10 zuwa 90, da jarrabawar Duolingo, mai maki 10 zuwa 160, wadda ake gamawa cikin kusan awa guda a kan ƙasa da dala 100. Dukansu sakamakonsu kan fito cikin kwana biyu. Suna ceton wanda wa'adi ya ƙure wa, amma fa sai sashen da ake nema ya rubuta ƙarara cewa yana karɓar su.

GRE

Yawancin masu ruɗewa suna ɗaukar GRE a matsayin babbar yayar TOEFL, alhali aikinsu dabam ne. An tsara GRE ne domin duk mai neman digiri na gaba a Amurka, har da wanda aka haifa da Turanci a baki, kuma samun ta ba ya ɗauke wa ɗalibin Sin wajibcin kawo TOEFL ko IELTS. Kuɗi biyu ke nan: nata kimanin yuan 1,700, da na jarrabawar harshe. Tun Satumbar 2023 tsawonta awa ɗaya ne da minti 58, da insha'i ɗaya na minti 30, da lissafi, da ɓangaren harshe mai tambayoyi 27 a kashi biyu, 12 cikin minti 18 da 15 cikin minti 23, inda ƙoƙarin mutum a kashin farko ke yanke wuyar na biyu. Makin harshe da na lissafi kowanne daga 130 ne zuwa 170.

A nan ne yawan kalmomi ke da daraja ta gaske. Akwai jimla ko gajeren sakin layi mai gurbi ɗaya zuwa uku, wanda dole a cike su duka daidai kafin a sami makin, akwai kuma jimla mai gurbi ɗaya da zaɓi shida, a fitar da biyu da za su ba ta ma'ana iri ɗaya. Kalmomi irin laconic, mai taƙaita zance, ko equivocal, mai harshen damo, abinci ne na yau da kullum a nan, kuma da yawansu ba sa cikin 5,500 ɗin kaoyan. Ɗalibai kan haddace ƙarin kalmomi wajen 3,000 daga jerin da makarantun share fage ke bugawa, sana'ar da kamfanin New Oriental, wanda Yu Minhong ya kafa a Beijing a 1993, ya yi suna da ita. Sai dai tun garambawul ɗin Agustan 2011, da aka cire tambayoyin kishiyar kalma da na kwatanta dangantakar kalmomi, hadda tsagwaronta ta daina biyan buƙata, domin yanzu sai an bi hujjar jimlar an ga inda ta juya kafin a san kalmar da gurbin ke nema. A ganina a nan ne kaɗai wahalar da ɗan kaoyan ya sha wajen warware doguwar jimla take biyan sa a wata jarrabawar.

GRE ta fi IELTS da TOEFL tsawon rai, shekara biyar, kuma ana iya maimaita ta bayan kwana 21, har sau biyar cikin wata 12. Tana da tarihin rashin yarda da wannan yanki: a 2002 ETS ta dakatar da yin ta a kwamfuta a Sin da Hong Kong da Taiwan da Koriya ta Kudu bayan ta gano ana yaɗa tambayoyinta a intanet, kuma har yau takan soke sakamakon da ta yi shakka a kansa. Babban haɗarinta a yanzu kuwa shi ne a sha wahalarta a banza, domin tun lokacin annobar korona sassa da dama a jami'o'in Amurka sun daina neman ta ko sun bar wa mai nema zaɓi.

| Jarrabawa | Inda take aiki | Abin da ta fi aunawa | Kuɗi | Tsawon amfani | Damar zama | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Kaoyan, Turanci na Ɗaya | Digirin bincike a Sin | Zurfin kalma, doguwar jimla | Yuan 100 zuwa 200 | Shekarar kawai | Sau ɗaya a shekara | Gaza layin darasi |
| Kaoyan, Turanci na Biyu | Yawancin digirin sana'a a Sin | Irin na sama, da sassauci | Yuan 100 zuwa 200 | Shekarar kawai | Sau ɗaya a shekara | Jami'a ta nemi na Ɗaya |
| CET-6 | Baoyan, fushi, neman aiki | Sauri da sauraro | 'Yan yuan gomomi | Ba ta mutuwa | Sau biyu a shekara | Kammala karatu ba a yi ba |
| IELTS | Jami'o'in waje | Sauri, gane takwarar kalma | Wajen yuan 2,000 | Shekara 2 | Kusan kowane mako | Ɓangare ɗaya ya gaza |
| TOEFL | Jami'o'in waje | Turancin aji da na yau da kullum | Wajen yuan 2,000 | Shekara 2 | Kusan kowane mako | Shiri da tsohon tsari |
| GRE | Wasu sassa, galibi a Amurka | Yawan kalmomi, bin hujja | Kimanin yuan 1,700 | Shekara 5 | Sau 5 cikin wata 12 | Sashen ba ya neman ta |

Wace ta dace da wa

Ɗalibin da ke sahun gaba a ajinsa, mai tsammanin baoyan, ya zuba ƙarfinsa a CET-6 tun shekara ta biyu, ya maimaita ta har makin ya yi kyau tunda kuɗinta ba komai ba ne, domin a bazarar da ke bayan shekara ta uku ne jami'o'i ke fara tantance irinsu, kuma takardar da ke hannu a lokacin ita za a duba.

Wanda ya yanke shawarar zama a gida ta hanyar kaoyan ya fara da kundin fannoni ya san ko na Ɗaya ne ko na Biyu, sannan ya tsaya a kan kalmomi 5,500 ɗin da tsofaffin tambayoyi na shekara goma ko fiye. Haddace kalmomin GRE domin kaoyan ɓata lokaci ne. Mai raunin Turanci wanda lissafinsa ke da ƙarfi ya duba kwasa-kwasan da ke neman na Biyu, ko jami'o'in yankin B, kafin ya ɗauki alkawarin da maki ɗaya zai iya warwarewa.

Mai nufin Birtaniya ko Ostireliya ko Hong Kong, IELTS ta ishe shi, kuma idan akwai yiwuwar ya shiga ajin share fagen harshe a Birtaniya kafin digirin, ya tambaya ko irin wadda hukumar biza ta amince da ita ake buƙata. Mai nufin Amurka ya buɗe shafin kowane sashe da yake so ya ƙirga nawa ne ke neman GRE. Idan babu ko ɗaya, ya bar ta. Idan akwai, ya fara da ita tun shekara ta uku, tunda tana jiran shekara biyar, ya bar TOEFL zuwa baya domin kada ta mutu kafin ya shiga aji, kuma bayan kalmomin GRE karatun TOEFL zai zo masa da sauƙi.

Saura mai ƙafa biyu, irin ɗalibar da ta kawo mini littattafanta. A nan kalanda ce alƙali. Wa'adin neman gurbi a yawancin jami'o'in Amurka yana faɗowa ne a Disamba da Janairu, daidai lokacin kaoyan, saboda haka haɗa GRE da TOEFL da kaoyan a kaka ɗaya kama kafar wala ne da zai iya jawo asarar duka ukun. Birtaniya kuwa tana da sassauci, domin jami'o'inta da yawa suna ba da gurbi bisa sharaɗin a kawo sakamakon harshe daga baya. Ana iya tura takardu a Oktoba, a zauna kaoyan a Disamba, a juya ga IELTS daga Janairu, kafin ƙarshen Fabrairu sakamakon kaoyan ya fito a san inda aka dosa, kuma atisayen maganar da aka yi domin IELTS zai yi amfani a fushi. Wannan tsarin ta ɗauka, bayan ta ciyo kan babanta da lissafin cewa yuan 2,000 kawai za a ƙara. Littafin GRE ɗin ta bar mini shi, yana nan a kan teburina na ɗora kwamfuta a kansa.